Farantin da ya hana ni kujerar gaba

Assalamu alaikum Ustaz. Hajja Rabi ce daga unguwar Sahafa.

Likita ya raba ni da nama, sai na nemi abinci marar nama a jirgin Umra bara. Jirgi ya cika, aka mayar da ƙawata Zinatu kujerun gaba kyauta, ni mai ciwon gwiwa aka bar ni a takure. Ma'aikaciya ta ce, "Ya Hajja, abincinki na baya ne, gaba ba a tanadi irinsa ba."

Na ce, "'Yar nan, farantin ne ba zai iya taku goma ba?"

Bana ban nemi komai ba, da ta'amiyata, ƙosan nan namu, zan hau. Masu sauraro, dabarar ta yi? Zinatu ta Umdurman, ki matsa mini, ina tafe gaba insha Allah.