Tsatsar Shekara Biyu

Shulan: Baba, ina kwana? Ka karya?

Baba: Na sha kunun shinkafa. Ke fa? Muryarki kamar mai mura.

Shulan: Lafiyata ƙalau. Ya gwiwar?

Baba: Tana nan inda kika bar ta. Ya mijin naki?

Shulan: Yana gaishe ka. Baba, kana ina? Kukan tsuntsaye nake ji.

Baba: Iye? Layin ba kyau...

Shulan: Layin garau yake. Tsoho Pang mai gadin lambu ya kira ni, wai kwana uku ke nan wani dattijo na zuwa da tsumma da gwangwanin mai.

Baba: Bakin Pang ya fi ƙofar lambun faɗi.

Shulan: Haba Baba! Shekara biyu na bar ƙarafan da na jera a lambun nan ruwa na dukansu don su yi tsatsa, su koma kamar duwatsun lambunan zamanin da. Jibi fa za a buɗe wa jama'a!

Baba: Wa ke nuna wa baƙi tsatsa? Shekara talatin ina masaƙa, ko ɗigo...

Shulan: Nan ba masaƙa ba ce, wurin zama ne a yi shiru. Ba kai ka ce aikina tarin bola ne ba?

Baba: Na faɗa.

Shulan: Guda nawa ka goge?

Baba: Ɗaya. Babban wilin da kika tsayar bakin tafki, wanda ake leƙa lambun ta cikinsa.

Shulan: Wayyo! Shi kowa zai fara gani!

Baba: Na injin layi na huɗu ne, da lotsawar gefensa na gane shi. Injin marigayiya mahaifiyarki.

Shulan: Mama? A wurin 'yan gwangwan na saya. Ban sani ba, Baba.

Baba: Ba ta tashi aiki sai ta shafa masa mai, ko da motar gida za ta wuce mu. Na kasa ganinsa haka, Shulan. Rabi na goge. In kin ce in bari, na bari.

Shulan: Yanzu me kake yi?

Baba: Ina zaune a benci. Ta cikin wilin ana hango itatuwan gora da ruwa. Tun ɗazu.

Shulan: Kai? A zaune?

Baba: Kar ki gaya wa Pang.

Shulan: Ka bar mini ɗaya rabin. Akwai wani tsumman?

Baba: Biyu nake kawowa kullum.

Shulan: Ga ni nan zuwa.

Baba: Ki sa rigar sanyi, bakin tafkin... kai, batirin nan...