Fili Mai Ƙofa Biyu

A layin sayen burodin tamis a unguwar Hindawiyya ta ƙasa mai tsarki, wani dattijo ya juya ya dubi saurayin da ke bayansa sanye da rigar ƙwallo.

"Yaro, ku ne 'yan gasar Ka'akiyya da kuka tafi yajin wasa?"

"Mu ne, Baba. Sai da aka yi ƙuri'a aka raba mu ƙungiyoyi, sannan shugabanni suka ce sai mai igama, takardar izinin zama, zai buga. Wa ke da ita? Alƙalin wasa kaɗai!"

"Shi ne 'yan gasar Aziziyya ke zawarcinku? Satar 'yan wasa a ƙasa mai tsarki!"

"Sun ce su ƙafa suke dubawa, ba takarda ba. Ga kabsa bayan wasa."

"Tir! Ku sayar da unguwarku saboda shinkafa? Ɗana Hudaifa, golanku, na hana shi. Halas, magana ta ƙare!"

"Au, kai ne babansa? Ai ba shinkafar ba ce, Baba. Filinsu ƙofa biyu gare shi. Ran da 'yan jawazat suka zo kamen marasa igama a namu, Hudaifa katanga ya haura, ya bar musu wandonsa."

Dattijon ya karɓi burodinsa, ya yi gyaran murya.

"Su 'yan Aziziyyar, sun samu gola?"