Maraƙi Ya Riga Autana Samun Allura

Salamu alaikum mai gabatar da shiri, barka da aiki. Hadiza ce daga wani ƙauye kusa da Yekuwa.

Maigidana ya hana a yi wa autanmu allurar riga-kafi, wai ba a huda yaro mai lafiya. Ga baƙon dauro ya shiga ƙauyen maƙwabta, hankalina ya tashi. Na kai kukana wurin likita. Bai yi faɗa ba, ya dai tambaye ni ranar da za a yi wa shanu allura.

Ranar sai ga shi a garke, har ya taya maigida riƙe maraƙi, ni ina gefe ina kallo. Da aka gama ya ce, “Malam, me ke damun maraƙin nan?”

Maigida ya ce, “Lafiyarsa ƙalau. Ai tun kafin ciwo ake yi.”

Likita ya zuba masa ido. Maigida ya sosa ƙeya, ya fashe da dariya. Washegari da kansa ya ɗaura amalanke ya kai mu asibiti.

Ina gaida likita da matan ƙauyenmu. Amma ina neman shawara: yanzu maigida na gaya wa kowa wai dabararsa ce tun farko. In tuna masa, ko in ƙyale shi?