An Mayar da Ni Mai Danne Sandar Giya

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da fama da wasiƙunmu.

Yayana Sale ya cire wa a-kori-kurarsa injin fetur ya sa na gas, muna ɗauko citta daga Kagoma. Bara na ɗaure mata gwangwani a ƙarƙashi, ya yi kwana uku yana neman inda ƙara take. Wannan kam ni ne, na yarda.

To yanzu da mun kama hawa, sai giya ta uku ta fice da kanta, mota ta yi ta ihu ba tafiya. Yaya ya ce, "Kai ne, ja'iri!" Na rantse, ya ƙi. Oga Bitrus bakanike ya duba kuloci, ya canza mai, ya ce injin ne ya fi ƙarfin giyabos. Yaya ya ce mun haɗa baki.

Hukuncina shi ne in danne sandar giya tun daga Kagoma har Kafanchan. Ranar da na saki don in yi atishawa, saura kaɗan mu gangara da baya.

Kanikawa, ku faɗi gyaran ku wanke ni, don hannuna na hagu ya fara fin na dama kauri. Ina gaida Yaya Sale, na san yana ji.

Naku, Iliyasu, Kafanchan.