Da itacen ɗorawa muke dafa kalwa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Ni ce Inna Hadiza mai daddawa, daga Sara.

Bara mu matan unguwa muka haɗa kai, muka ce ba mai ƙara sayen itacen ɗorawa, don masu sara sun kusa ƙarar da ita. Muka je wurin ɗan takarar kansila, ya ce in ya ci zai kawo mana murhun gas. Ya ci, ko ƙeyarsa ba mu ƙara gani ba.

Jiya mai amalanke ya shigo da itace, ɗorawa zalla. Duk muka saya, ba mai iya kallon 'yar'uwarta, don alkawari ba ya dafa kalwa.

Malam, a ba mu shawara. In mun ƙone uwar, me jikokinmu za su dafa?