Gunkin Kocin Ƙwallo

A wani shagon aski a unguwar Sharafiyya, can ƙasa mai tsarki, talabijin na nuna wata jami'ar Amurka tana tumbuke gunkin kocin ƙwallonta. Gwadabe, da ke jiran layi, bakinsa ya ƙi rufuwa, ya zunguri dattijon da ke gefensa.

"Alhaji, ƙwallon ma rungumarsa suke yi su ruga, amma har da gunki! Me ya yi musu?"

"An ce mataimakinsa ke lalata yara. Shi kuma kocin ya gaya wa manya, suka rufe don kada sunan makaranta ya ɓaci."

"To, ai ya faɗa, halas, magana ta ƙare! Ni ma gadi nake a wata makaranta a Aziziyya. Bara na ga malamin wasanni yana kulle ƙofa da yara, na gaya wa mai makarantar. Ya ce in tuna iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannunsa take. Ga ni nan garau, ba wanda ya tumbuke ni."

"Wace makaranta?"

"Mai koren ƙyaure, bayan gidan mai."

Dattijon ya miƙe yana laluben takalminsa.

"Haba Alhaji, layinka ya zo!" in ji Gwadabe.

"A bar askin. Can autana yake karatu. Yalla, tashi ka nuna min ƙofar."