Saniyar da aka yanka ba ta cikin tallafi

Assalamu alaikum, mai gabatarwa, barka da aiki.

Daga wajen Dangoma nake rubutowa, a kan maƙwabcina Baffa Manu, dattijon makiyayi. Bana ambaliya ta cinye wurin kiwo, yunwa ta kama garkensa. Duk saniyar da ta kwanta ta kasa tashi, sai ya sa mata wuƙa tun da sauran numfashinta, kada ta zama mushe, ya raba mana naman.

Da aka kawo tallafin gaggawa ga waɗanda dabbobinsu suka mutu, na raka shi. Jami'in da ke rabon tallafin ya tambaye shi, “Baba, mutuwa suka yi ko yanka su ka yi?”

Baffa ya ce, “Ɗana, Musulmi zai tsaya yana kallo?”

“To, Baba, wannan ba asara ba ce, nama ne.”

Duk karance-karancena, ban san sai ungulu ta ci ake kiran abu asara ba.

Shanu biyu suka rage masa, kuma ƙaramar ta fara kwanciya. Ina gaida abokaina na garin Malisa. Malamai da hukuma, ku ba mu shawara: ya yanka ta, ko ya zuba mata ido?